Ƙurajen da Na Ɗora wa Hajjo

Assalamu alaikum Malama, da iyayena da yayyena masu zaman karatu a gidanki na Dogon Daji. Allah ya zaunar da ƙasar Sarkin Musulmi lafiya, ya ba ku ladan zama.

Na ji an ce idan mace tana da maganar da ta fi ƙarfin bakinta, takan aiko a karanta a gabanku bayan an shafa fatiha, ku ba da shawara ba tare da an tambayi ɗiyar wa ce ba. Shi ya sa na tsallake malaman garinmu Tambuwal, inda ko atishawa na yi a bayan ɗaki sai an ce wance ce. Tsohuwar da ta kawo muku takardar nan ba ta karatu, ta ɗauka addu'a nake nema, kada ku tsare ta da tambaya. Rubutun ma ku yi haƙuri da shi, hannuna ya fi sanin ludayi a kan alƙalami. Roƙona ɗaya ne: ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini. In dariya ta zo muku ku yi abinku. Ni ma da dariya na fara, ita ta kawo ni inda nake.

Ni yarinya ce, ban daɗe da fara cika azumi ba. Innata ƙosai take soyawa, ni ce mai tsugunawa gaban kasko tun asuba, ni ce kuma mai ɗaukar talla. Allah ya halicce ni da fuska mai maiƙo. In na wanke ta da safe, kafin hantsi ta ɗau ƙyalli sai ka ce tare da ƙosan aka tsamo ta. Yayana cewa yake duk ranar da mai ya ƙare a gida, a kankare goshina a kunna fitila, har maƙwabta su samu. Wannan duk na iya da shi. Sai ƙuraje suka zo. Guda ɗaya ne ya fara sauka a haɓata, ya duba ya ga wuri da daɗi, ya aika aka kira danginsa na uwa da na uba. Suka mamaye goshi, suka kafa unguwa a kumatu, wani ƙato ya hau kan hancina ya zauna kamar shi ne sarkinsu. Kowa a garin nan kuma ya zama masani a kan fuskata. Wannan ta ce gyaɗa nake ci da yawa. Waccan ta ce naman miya nake sata. Kakata ta ce tunanin samari ne ya rasa hanyar fita. Wanzami ya ce jini ne ya yi yawa, a kawo ni ya kafa ƙaho. Yara suna bina a wurin talla suna kirana bayan kwaɗo. Wani ɗan banza har cewa ya yi in ba shi aron kumatuna, dutsen goge kaushin uwarsa ya ɓata.

Me mutum zai yi? Kuka? Na gwada, ƙurajen ba su ji tausayi ba. Sai na koyi riga kowa. Kafin a zage ni na zagi kaina, kafin a yi dariya na ba da ita. Na zama mai ba 'yan mata nishaɗi a bakin rijiya, ina kwaikwayon tafiyar kowa da muryar kowa. In suna dariyar abin da na faɗa, ba sa samun sukunin dariyar abin da ke fuskata. Ku riƙe wannan, shi ne asalin masifar.

Ina da ƙawa, zan kira ta Hajjo, ba sunanta ba ke nan. Ɗiyar Fulani ce. Rugarsu takan sauka a gonakin bayan ganuwa idan an gama girbi, shanu su ci kara su bar wa manoma taki, in damina ta kama su ɗaga. Ƙawance muka ƙulla na gaske, yadda ake yi: na kai mata goro da lalle a faifai, ta kawo mini curin man shanu a ganye. Tun daga ranar, duk kasuwa in ta shigo da nono sai ta biyo gidanmu ta ajiye mini curina. Ita kaɗai ce ba ta taɓa kallon kumatuna yayin da nake magana ba, idona take kallo. Fuskarta kuwa kamar cikin sabuwar ƙwarya, ko ɗigo babu. Ina son ta, ina kuma jin haushin fuskar nan, duka biyun a lokaci ɗaya.

Wata rana na ce mata, "Ƙawa, don Allah mi kika shafawa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ruwa, ƙawa. Man shanu kau ga kai da ƙafa."

Ni kuwa da wayona na ce ɓoye mini take yi. Ruwa? Ai ni ma ina da ruwa. Sai na riƙa gutsurar curin nan da ya kamata ya shiga tukunyar Inna, ina tarawa a wata 'yar batta, in zan kwanta in laɓta wa fuskata, a kan man kasko, a kan gumin talla, ba wanki. Fuska ta ce bismillah. Waɗanda suke ƙanana suka girma, waɗanda suka girma suka yi ruwa. Na ce ai dattin ne yake fitowa, na ƙara mai. Ina matse su da farce, wanda ya ƙi fashewa in bi shi da ƙayar aduwa. Har ta kai in na leƙa ruwan randa sai in ji kamar in ba randar haƙuri.

Ana haka aka yi suna a maƙwabtanmu. 'Yan mata kowa ta ci ado, ni ma na ja kallabi har gira na shiga. Wata da ba ma shiri da ita ta ɗaga murya ta ce, "A rufe waina, ga mai tafe da ƙudajenta nan!" Aka fashe da dariya. Kafin in nemo amsa, wata tsohuwa ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce, "Wanga ba na banza ba ne. Ɗiya, wa ya yabi fuskarki bai ce tubarkalla ba?"

Ya ku iyayena, da na ce babu, da yau ba ku ji ni ba. Amma tsakar gida cike take, duk ido na kaina. Sai na miƙe. Na ɗaura kallabi irin na Fulani, na ɗora ƙwarya a ka, na ɗauki tafiyar Hajjo tana rangaji, na maƙale murya na ce, "Kai ƙawa, fuskarki ta yi sumul!" Sannan na zaro ido, na zaro harshe na lashi leɓe a hankali, na koma muryata na ce, "Tana lasar bakin nan na ji wani abu ya tsinke a kumatuna." Mata har da masu faɗuwa kan tabarma. Wadda ta zage ni ma tana share hawaye. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Ban lura cewa tsofaffin ba su yi dariya ba.

Hajjo ba ta taɓa lasar baki ba. Abin da ta taɓa cewa shi ne, "Yau fuskarki ta yi sauƙi," don ta faranta mini.

Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta yi ƙafa ta yi fiffike. Yaron da ya yi zawo, ashe nonon Hajjo ya sha. Kazar da ta daina ƙwai, ashe Hajjo ta wuce ta gabanta. Kalmar da ban furta ba, wasu suka furta mini: mayya. Ta shigo gari da ƙwaryarta, gida bayan gida ana ce mata an ƙoshi. Da ta iso namu, Inna ta tare ta a bakin zaure ta ce, "Kada ƙafarki ta sake taka mini gida. Ki saki kurwar ɗiyata, tun muna shaida juna." Na ji muryar Hajjo tana cewa, "Inna, mi na yi? Ina ƙawa? A kira mini ƙawa." Ina ɗaki bayan asabari, na toshe bakina da zane.

Za ku ce me ya hana ni fitowa? Tsoron duka? Da shi ne da na ji sauƙi. Gaskiyar ta fi haka muni. Daga ranar babu wanda ya sake kirana bayan kwaɗo. Na zama baiwar Allah, wadda aka kama. Wadda ta ce a rufe waina, ita da kanta ta kawo mini fura. Yayana ya daina maganar fitila. Inna da ke dukan hannuna tana cewa ƙazanta ce, ta koma shafa kaina tana kuka. Ashe mai ƙuraje abin dariya ce, amma wadda aka yi wa maita abin tausayi ce. Fuskar nan dai ita ce, ko ƙurji ɗaya bai ragu ba, mutane ne suka sake ido. Na ɗanɗana zama mutum a garinmu, na kasa tofarwa.

Inna ta sayar da akuyarta guda tilo ta kai wa mai magani kuɗin. Na sha hayaƙin turare har na koma warin tsohuwar bukka. Da damina ta kama, Fulani suka ɗaga, aka ce a nisanta ni da inda idon ya faɗa mini, aka kai ni Kebbe wurin Gwaggo, yayar Baba.

Gwaggo ba ta da wasa, ba ta kuma da ɓoye-ɓoye. Ban kwana biyu ba hancinta ya kai ta ga battata, don man ya fara tsami. Ta ɗago ta da yatsa biyu ta ce, "Mi ne wanga?"

Na ce, "Magani ne, Gwaggo."

"Maganin mi?"

"Na fuska."

Ta dube ni, ta dubi batta, ta ce, "Fuskar da ke tsiyayar mai awa ana matsar ƙuli, ita kika ƙara ma mai? Ke da uwarki wa ya fi wani hankali?" Na ce ai an ce kama ni aka yi. Ta yi tsaki ta ce, "Uwarki da neman mayu. Ubanki da shina saurayi, fuskarshi ta fi taki lalacewa. Gemun nan da kika gani, kin ɗauka don malanta ya tara shi? Gadon gidanmu ne. Da balaga shi ka zuwa, in ya gaji ya tafi."

Ta jefa battar a bayan danga. Ta sa ni wanke fuska safe da yamma da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun toka, a hankali, ba dirza ba. Ta sa ni wanke kallabina da tun da aka saya bai ga ruwa ba. In hannuna ya nufi kumatu, muciya ta riga shi isa. Gidanta ba a suya, kaɗi take yi, sai na rabu da turirin kasko. Da yake ba ni da masu kallo da zan ba dariya, sai na zauna ina lura da fuskata kamar mai gadin gona. Na ga suna taruwa a haɓa duk lokacin da al'adata ta kusa, in ta wuce su lafa. Na ga layin da suke yi a goshi daidai inda bakin kallabi ke zama da gumi. Na ga wanda na matse yakan bar baƙin tabo, wanda na ƙyale yakan tafi ba sallama. Gyaɗa kuwa na ci ta a Kebbe har na ji kunya, ban ga ta ƙara ko ta rage ba. Ba su ƙare duka ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Amma sarkin nan na kan hanci ya sauka, talakawansa suka ragu.

Ga abin da Inna ba ta sani ba. Rugar su Hajjo ba nisa ta yi ba, a dajin Kebbe ta yi damina. Duk sauƙin nan da na samu, Hajjo tana kusa da ni na same shi.

A kasuwar Kebbe na gan ta, can gefe inda ake ɗaure jakuna, ƙwaryarta cike, babu kowa a gabanta. Masu zuwa cin kasuwa daga garinmu sun kai labarin. Ta rame. Na so in ɓuya bayan wani mai gishiri, ta riga ta gan ni. Ta taso da gudu tana cewa, "Ƙawa!" Sai ta tsaya cak, ta sauke ido ƙasa, ta ce, "Tubarkalla, tubarkalla, tubarkalla." Ba ta yarda ta kalli fuskata ba. Yatsun ƙafata take yi wa magana.

Na ce, "Haba ƙawa, ɗago mana."

Ta ce, "A'a. Yanzu ko maraƙi na gani sai na ce tubarkalla. Ban san abin da ke cikin idona ba."

Kun ji? Har ita kanta ta fara shakkar kanta. Ta ce ɗan kawunta da aka yi musu baiko, uwarsa ta ce a dakata. Ta ce an ce maita a nonon uwa ake shan ta, don haka uwarta da ƙannenta mata duk sun shiga zargin, ba mai sayen nononsu sai baƙon da bai sani ba. Sannan ta ce, "Ke kina cikin gari, ƙawa. Wa ya fara wagga magana?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba." Da wallahi na faɗa. Ta buɗe ganye ta ɗora mini curin man shanu a hannu, ta ce, "Ke kaɗai ba ki gudu ba." Ni kuma na karɓa.

Bayan girbi aka mayar da ni gida. Inna ta ga fuskata ta rangaɗa guɗa, ta ce akuyarta ba ta tafi a banza ba, nisa da turare sun yi aiki. Washegari na koma gaban kasko. Mai magani ya aiko da wani haɗi na tsari, baƙi ƙirin, ya ce a shafa mini safe da yamma, kuma kada sabulu ya taɓa wurin. Na shinshina. Man shanu ne da gawayi! Na ce Inna ba na so, ta danne ni ta shafa. Al'adata kuma ta ƙarato. A cikin kwanakin nan dai shanun su Hajjo suka sauka a gonakin bayan ganuwa, kamar yadda suke yi kowace shekara tun ba a haife ni ba. Fuskata ta tashi gaba ɗaya, sarki ya koma kan karagarsa.

Inna ta ja ni tsakar gida ta tara matan unguwa ta ce, "Kun gani? Shanunsu sun sauka, fuskar ɗiyata ta tashi. Sai yaushe za mu yi shiru?"

Sun yanke magana. Ba wannan kasuwar ba, ta gaba, idan Hajjo ta shigo da nono za a yaudare ta a ce ana saye, a shigo da ita gidanmu, a rufe ƙofa. Za a kwantar da ni a tsakar gida, a tuɓe mata zane, a sa ta tsallake ni don ta saki kurwata. Baba ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce wannan aikin jahiliyya ne, malamai sun hana, in ya kai kunnen alƙali ba za a ji daɗi ba. Inna ta ce to. Amma ranar kasuwa Baba yana can da jakunansa, cikin gida kuma ba wurin maza ba ne.

Na gwada, kada ku ce ban gwada ba. Na ce, "Inna, anya ba man nan ba ne? Gwaggo ta ce Baba ma ya yi." Ta rafka salati ta ce, "Ku ji yadda ta juya mata baki! Har kare ta take yi." Duk abin da na faɗa, shaida yake zama a kan Hajjo. In fuskata ta lalace, ita ce ta riƙe. In na saci jiki na wanke da sabulu ta yi sauƙi, za a ce ta ji tsoro ta saki. In na je ruga na ce kada ta shigo gari, za a ce mayya ta ji a jikinta, ita kuma za ta sake tambayata wa ya fara. Gwaggo za ta iya tsawatarwa, amma ita da Inna ko gaisuwa da ƙyar suke yi, kuma ita ma ba ta san bakin da ya kunna wutar ba.

Hanya ɗaya ta rage, na sani, ba sai kun faɗa ba. In tsaya a tsakar gidan nan da na yi rawar ƙwarya, in ce ƙarya na yi don a yi dariya, mai na sata na shafa da hannuna. To, Inna fa? Ta sayar da akuyarta, ta zagi ɗiyar mutane a bakin zaure, ta tara mata a kan maganata. Da wane ido za ta fita? Ni kuma in koma bayan kwaɗo, a ƙara mini da maƙaryaciya da ɓarauniya. Kuma wa ya ce za su yarda? Ba su taɓa ɗaukar maganata da gaske ba sai sau ɗaya, ranar da na yi ƙarya. Ina jin haushinsu, wallahi. Da sun bar ni da ƙurajena na yi tallata lafiya, da ban nemi wanda zan ɗora wa ba. Amma ba su suka lashi leɓe ba. Ni ce.

Curin da ta ba ni a Kebbe yana nan a ganyensa, na kasa ci, na kasa zubarwa. In ban yi komai ba, ranar nan ina kwance a ƙasa ina kallon sama, Hajjo za ta ɗaga ƙafa ta tsallake ni ba zane, na kuma san abin da za ta riƙa faɗa: tubarkalla, tubarkalla, idonta a rufe don kada ta cuce ni.

Tsohuwar nan za ta juyo Tambuwal kafin kasuwar. Don girman Allah kada ta dawo hannu wofi. Malama, iyayena, me zan yi?